Ina Hadarin Yake Zuwa Bayan Ya Wuce Funtuwa?

Duk wanda ya tashi a ƙasar Funtuwa ya san ta inda ruwa yake zuwa. Manomin Maska ko na Bakori idan yana neman hadari gabas yake duba. Can zai ga sama ta yi baƙi ƙirin, wani lokaci da ja-ja a gindinta, iska ta ɗauke ɗif, zufa ta yi ta karyo wa mutum, kaji su fara neman akurki. Sai wani sanyi ya bugo, ƙura ta turnuƙe, mata su ruga kwashe shanya. Idan abin ya yi tsanani ladanai su hau kiran salla ba a lokacinta ba, ana neman sauƙi wurin Allah. Kafin rabin sa'a an yi an gama. Hadarin ya bi ta kan Ɗandume da Faskari ya nufi ƙasar Zamfara, mu kuma mu fito duba ɓarna.

Na daɗe ina koyar da labarin ƙasa, kuma duk ajin da na gaya wa inda hadarin nan yake ƙarewa sai yara su ɗauka zuƙi-ta-malle nake yi. Yawancinsa a hanya yake mutuwa, ya juye ruwansa a Sakkwato ko Yamai ko Bamako ya watse. Amma daga Yuni zuwa Oktoba akwai wata igiyar iska da ke tasowa daga wajen tsaunukan Habasha da Darfur, duk bayan kwana uku zuwa biyar, ta ratsa Chadi da arewacin Najeriya da Nijar da Mali tana tara hadari a tafe. Duwatsun Jos da na Azbin suna cikin wuraren da ke ƙara mata. Bayan tafiyar fiye da kilomita 2,500 daga nan sai ta faɗa Tekun Atlantika ta gaɓar Senegal da Gini. A shekara akan sami wajen 60 irinta, kuma mafi yawansu ba sa zama komai. 'Yan kaɗan ne, idan sun tarar ruwan teku ya ɗumama ya kai digiri 26 ko 27, suke fara zuƙar tururinsa, su kama juyi, su buɗe ido a tsakiya. Daga kusa da tsibiran Cape Verde sai su yi mako ɗaya ko biyu suna ƙetare teku suna ƙara ƙarfi, su sauka a tsibiran Karebiyan ko gaɓar Amurka an riga an raɗa musu suna: Hugo a 1989, Andrew a 1992, Irma a 2017. Masu binciken yanayi sun ƙiyasta cewa wajen kashi 85 cikin 100 na manyan guguwoyin Atlantika daga wannan igiya ta Afirka suka faro.

Ita kanta mahaukaciyar guguwar ba za ta zo mana ba. Da ruwan teku mai ɗumi take rayuwa, da ta hau tudu sai ta fara lafawa, mu kuwa ɗaruruwan kilomitoci ne tsakaninmu da teku. Tamu iskar ta mintoci ce. Tasu takan yi sa'o'i tana kaɗawa, mafi ƙanƙantarta tana gudun kilomita 119 a sa'a, babbar ta haura 250, faɗinta kuma ya shafe ƙasa guda. Duk da haka dangi ne. Lokacin da marka ta kankama a nan, a Agusta da Satumba, masara ta yi goyo, a daidai lokacin ne mutanen Florida suke kwana da kunne a rediyo.

A watan Oktoban 1780, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana matashin malami mai wa'azi a Ɗagel, saura shekara 24 a yi hijira zuwa Gudu, wata guguwa ta auka wa tsibiran Barbados da Martinique da St. Eustatius. Cikin mako guda ta kashe fiye da mutum 20,000, kuma har yau ba a sake yin wadda ta kai ta kisa a Atlantika ba. Ingila da Faransa suna yaƙi da juna a lokacin, ta nutsar da jiragen ruwan kowannensu ba ta tambayi tuta ba. Littattafan Turawa a kan jiragen nan suka fi tsayawa. Ni abin da yake tsaya mini a rai shi ne yawancin mutanen Barbados da Martinique a wannan zamani bayi ne da aka kwaso daga Afirka don noman rake, da 'ya'yansu, suna kwana a 'yan bukkoki a gefen gona. Iskar gabas da ta tura jiragen da suka kai su can, ita ce take tura guguwa ta bi hanya ɗaya. Waɗanda suka tsira kuma sai ga ƙarancin abinci, don gonakin sun tafi tare da rumbunan.

Akwai wata alaƙar da ta fi wannan ban mamaki. A 1990 wani malamin jami'a a jihar Colorado, William Gray, ya jera lissafin ruwan saman Sahel ta yamma kusa da lissafin manyan guguwoyin da suka sauka a gabashin Amurka. Ya ga daga 1947 zuwa 1969, shekarun da damina take cika a wajenmu, guguwoyin sun yi yawa. Daga 1970 zuwa 1987, shekarun fari, sun ja baya sosai. Dattawanmu ba su manta 1973 da 1984 ba, lokacin da mutanen arewa suka yi ta gangarowa da ragowar dabbobinsu suna neman inda za su sami dawa. To, shekarun da rumbunanmu suka bushe su ne shekarun da masu kuɗi a Florida suka sami sararin barci, suka yi ta gine-gine har bakin ruwa, suna zaton haka teku take. Binciken da ya biyo baya ya ƙara wasu dalilai, irin su ɗumin tekun kansa da busasshiyar iskar Sahara mai ƙura wadda take shaƙe guguwa tun tana ƙarama, amma alaƙar da daminarmu tana nan.

Da za a tambaye ni wace guguwa ce ta fi koyar da mutane, Galveston zan ce. Tsibiri ne a gaɓar Texas, kuma a ƙarshen ƙarni na 19 yana cikin manyan tashoshin fitar da auduga na duniya, garin dillalai da masu awo da 'yan dako, wanda ɗan Funtuwa zai gane kansa da ya shiga. Mutanensa wajen 37,000 ne. Wuri mafi tudu a tsibirin bai kai mita 3 sama da teku ba. An taɓa kawo maganar gina katangar tare ruwa, sai shugaban ofishin yanayi na garin, Isaac Cline, ya rubuta a jarida a 1891 cewa ba a buƙatarta. A farkon Satumban 1900 masana yanayi na Kyuba, waɗanda suka goge da sanin guguwa, suka nuna cewa wadda ta ratsa su za ta ci gaba ta yi yamma. Hukumar yanayi ta Amurka ta raina su, ta ce ta Florida za ta karkata. Ranar 8 ga Satumba teku ta tashi fiye da mita 4 da rabi ta rufe tsibirin gaba ɗaya. An rasa tsakanin mutum 6,000 da 12,000, cikinsu har da matar Cline. Sai bayan nan aka gina katangar, mai tsayin mita 5, aka ɗaga gine-gine sama da 2,000 da jak aka cika ƙarƙashinsu da yashi. Da wata babbar guguwa ta dawo a 1915, garin ya jigata amma ya tsaya da ƙafarsa.

Mutane da sun ji guguwa iska suke tunani, alhali ruwa ne ya fi kisa. A Amurka an bi diddigin mace-macen guguwa na shekara 50, daga 1963 zuwa 2012, aka ga kusan tara cikin goma ruwa ne ya ci su, ko tekun da iska ta tunkuɗo kan tudu, ko ambaliyar ruwan sama. Ruwan da zai cika ramin mita ɗaya ta kowane gefe nauyinsa tan guda ne, buhu goma na masara ke nan, kuma ba a zaune yake zuwa ba. A watan Nuwamban 1970 guguwar Bhola ta tunkuɗo teku cikin dare kan tsibiran Pakistan ta Gabas, ƙasar da yanzu ake kira Bangladesh, ta kashe aƙalla mutum 300,000, yawancinsu manoman shinkafa da masunta da ba su ji wani gargaɗi ba. Haushin yadda gwamnati ta yi sakaci da su yana cikin abin da ya hura wutar ɓallewar ƙasar a 1971. Ta 1991 ta sake kashe wajen 138,000. Amma Bangladesh, duk da talaucinta, ta yi ta gina mafaka masu tsayi a kan ginshiƙai, waɗanda makarantu ne a sauran ranaku, ta horar da dubban 'yan sa-kai masu yawo ƙauye-ƙauye a kan keke da lasifika. Da guguwar Sidr ta zo a 2007 da ƙarfi makamancin na baya, waɗanda hukuma ta ƙidaya sun mutu ba su kai 4,000 ba.

Katrina ta 2005 kuwa, kafin ta sauka ranar 29 ga Agusta ta ma rage ƙarfi. Abin da ya ci birnin New Orleans katangun tare ruwa ne da suka fashe a wurare fiye da 50, ruwa ya rufe kashi 80 cikin 100 na birnin, kuma daga baya injiniyoyin sojan da suka gina su suka amsa cewa akwai kuskure a aikin. An ce kowa ya fita, amma talakan da ba shi da mota ina zai nufa? Fiye da mutum 1,300 suka mutu, mafi yawa tsofaffi. Wannan labari bai kamata ya zame mana baƙo ba. A daren 10 ga Satumban 2023 guguwar Daniel ta zuba ruwa a gabashin Libiya, madatsu biyu da aka daɗe ba a gyara ba suka ɓalle a kan garin Derna, dubbai suka tafi teku da gidajensu. Shekara guda bayan haka, kusan a rana ɗaya, madatsar Alau ta ɓalle wa Maiduguri, kuma ta taɓa yi a 1994. Ta Bagauda ta fashe a Agustan 1988. A nan jiharmu, ruwan dare ɗaya a Yulin 2018 ya kashe fiye da mutum 40 a Jibiya. Mu ma muna da madatsun Mairuwa da Gwaigwaye, kuma duk wanda ya ga yadda ake yanka filaye a kan hanyar ruwa a bayan gari, da yadda leda ta cike magudanai, ya san ba sai an kawo mana teku ba.

Sai dai a ƙasar Funtuwa abin da muka fi gani duk shekara rufi ne, kuma a nan ne Andrew ta shigo. Ranar 14 ga Agustan 1992 igiyar da ta haife ta ta bar gaɓar Afirka, ranar 24 ta sauka a kudancin Miami da gudun kusan kilomita 265 a sa'a. Ba ta kawo ruwa mai yawa ba, iska ce ta fi yin ɓarna. Ta rusa dubun-dubatar gidaje, asarar ta kai wajen dala biliyan 27. Da masu bincike suka shiga tarkacen sai suka yi ta cin karo da abin kunya: allunan rufi da aka manna da 'yan ƙananan maƙalai, ƙusoshin da suka kuskure katako suka wuce ta gefe, unguwa guda ta sababbin gidaje a kwance alhali tsofaffin da ke kusa suna tsaye. Jihar Florida ta sake dokar gini, kuma cikin abin da aka tsananta a kai har da ɗaure katakon rufi da jikin bango da sillen ƙarfe.

Ranar da na fara karanta wannan, dariya na yi, don mahaifina kafinta ne, kuma sillen ƙarfen nan langalanga ce. Ina yaro nakan bi shi wurin aiki ina miƙa ƙusa. Wata shekara wani ɗan kasuwa ya kira shi rufin sabon gida, ɗaki huɗu a jere. Baba ya zagaya ginin, ya ce, "Alhaji, a sayo langalanga, mu ratsa ta ƙarƙashin linta mu ɗaure katakon."

Alhaji ya ce, "Haba Malam, kuɗi sun ƙare a bulo. Gidan mahaifina shekara arba'in ba langalanga, ga shi nan tsaye."

"Gidan mahaifinka soro ne, Alhaji."

"Kai dai buga ƙusa, Allah zai tsare."

"To, gidanka ne. Amma ka shaida na faɗa."

Damina ta biyu, iskar watan Mayu ta ɗauke rufin ɗungurungum, da katakonsa da komai, ta kifa shi a gidan maƙwabci a kan garken tumaki. Kwanon ko lanƙwasa bai yi sosai ba, ƙusoshin Baba duk suna nan daram, rufin ne kawai ba abin da ya riƙe shi da bango. Aka sake kiran Baba. Bai ce uffan a kan maganar baya ba, ya yi jaje, ya faɗi kuɗin aikinsa, Alhaji da kansa ya hau babur ya sayo langalangar.

Amsar nan ta Baba a kan soro tarihin rufinmu ce a taƙaice. Soro da azarar giginya ake yin sa, a shimfiɗa, a ɗora ƙasa mai kauri, a kewaye da rawani, a sa indararo. Iska ba ta da inda za ta kama shi, kuma ko ta kama ba za ta iya ɗaga shi ba. Maƙiyinsa marka ce, shi ya sa ake yaɓe kafin ruwa ya sauka. A ƙauyuka kuma jinka aka fi yi. Ita a zagaye take, iska tana zamewa ta gefenta, idan ma ta ɗauke ta ba ta kashe kowa, da safe maƙwabta su taru su mayar, daga nan aka sami zancen hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kwano baƙo ne. Ya biyo jirgin ƙasa, da aka ja layin dogo daga Zariya ya bi ta Funtuwa zuwa Gusau da Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920, ya fara hawa kan tasha da kantunan kamfanoni da injin gurzar auduga na kamfanin BCGA. Langalangar ma asalinta ƙarfen ɗaure dilar kaya ce, garin auduga kuwa ba ya rasa ta. A shekarun 1970 kuɗin fetur suka shigo, aka yi ƙarin albashi na Udoji, shirin bunƙasa noma na Funtuwa da Bankin Duniya ya tallafa ya kawo taki da sabon irin masara, aka buɗe shirin karatun firamare kyauta na UPE a 1976 aka yi ta gina azuzuwa cikin gaggawa. Manomi ya sayar da amfani, abin da zai fara yi ya kwano ɗakinsa. Mun karɓi kwano da sauri fiye da yadda muka koyi ɗaure shi.

Iska ba danna rufi take yi ba, tsotso shi take yi sama idan ta bi ta kansa, idan kuma ta sami ƙofa ko tagar da ta ɓalle ta shiga ciki ta tura daga ƙasa. Daga kusurwa da baki take farawa. Idan gudunta ya ninka biyu, ƙarfin da take sa wa rufi sau huɗu yake ninkawa, shi ya sa rufin da ya ga damina goma lafiya zai tafi a dare ɗaya. Rufi mai gangara huɗu ya fi mai gangara biyu jurewa, wanda aka yi wa rawani ya fi wanda bakinsa ke reto a waje. Yanzu kuwa yayi ya koma kan rufi mai tsini da ya kusa kai tsayin ginin kansa, da dogon kwano mai laushi da za ka lanƙwasa da yatsa, a kan farin katakon da ko baƙin mai ba a shafa masa ba, gara tana ci tun kafin a tare. Bulon kuma an buga da buhu ɗaya abin da ya kamaci buhu biyu. Azuzuwan makaranta sun fi kowa shan wahala, don dogaye ne, a fili suke, tagoginsu a ɓalle, kuma ɗan kwangilar da ya yi su ba 'ya'yansa ne za su zauna ciki ba. Na koyar a ƙarƙashin bishiya zango guda saboda irin wannan aiki.

A gona ma haka. Tsofaffin gonakin Ɗanja da Ƙafur da Malumfashi cike suke da ɗorawa da kaɗanya da tsamiya, kowace tana rage wa iska gudu kafin ta kai ga shuka ko ga gari. An sare da yawa don garma ta wuce, wasu masu gawayi suka cinye. Yau iskar ƙarshen Agusta takan tarar da masara doguwa, ta sha taki, goyonta ya yi nauyi, ƙasa ta jiƙe, ta kwantar da eka guda cikin minti biyar. Manomin da ya yi huɗa mai kyau yakan tsira da wani abu. Wanda bai yi ba sai ya tsinci ruɓaɓɓen zangarniya a cikin laka.

Hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, har da fassarar Hausa, kuma kusan kullum tana gargaɗin iska mai ƙarfi a farkon ruwa. Gargaɗin yana tsayawa a taron Abuja da Katsina. Abin da yake isowa ƙauye shi ne motar agaji bayan ɓarna, da bandir ɗin kwano da buhun siminti da kwalin ƙusa, a ɗauki hoto, a miƙa wa mutum ya je ya mayar da rufin yadda yake a da. Ban taɓa ganin an haɗa da langalanga ba, ita da ta fi komai araha a cikin kayan. Ina roƙon hukumomin agaji na jiha da ƙananan hukumomi su sa ta a lissafi, kuma kada a biya ɗan kwangilar aji sai an hau an ga ɗaurin da ido. Kai kuma mai karatu, idan gininka ya kai linta, ranar ɗora katako ka bar kasuwa ka zo ka tsaya da kanka, kuma idan kafinta ya ce a sayo langalanga, ka sayo.